Allurar Rigakafi Da Mai Sabon Ciki

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo ya san ƙasa ce ta bakin iyaka. Kogin Kwara ya ratsa ta, in kuwa ka ƙetare shi ka yi yamma, ko ta Lolo ko ta Tsamiya, ba ka ankara ba sai ka ji an ce ka shiga Jamhuriyar Benin, wadda iyayenmu suka sani da sunan Dahome. A shekarar 1898 ne Ingila da Faransa suka zauna a birnin Faris suka tsaga ƙasar Bargu biyu, Illo ta faɗo hannun Ingilishi, 'yan'uwanta na yamma suka faɗa hannun Faransawa. Amma layin da suka ja bisa takarda bai raba zumunta ba. Har yau Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawan wannan gefe suna aurayya da na wancan, suna cin kasuwar Malanbil da ta Segbana kamar yadda su ma suke cin tamu. Abin da ake ƙetarewa da shi kuwa bai tsaya ga shinkafa da albasa ba, har da labari, da jita-jita, da cuta.

Ina da ɗiyar ƙanwa da ke aure a wani ƙauye kusa da Lolo. Shekara takwas tana ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, ta sha gori, wanda ya fi su duka ɗaci. Daga baya mijinta ya sayar da bijiminsa ya riƙa kai ta asibiti a Birnin Kebbi, aka yi ta ba ta magani wata da watanni, har Allah ya nufa ta sami ciki. Da ta je awo sai ungozomar asibiti ta ce za a yi mata allurar rigakafi. Ta ce a dakata tukuna. Ta komo gida, uwar mijinta ta ce kada ta kuskura. Ran nan da la'asar sai ga ta gidana. Bayan mun gaisa ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ka san abin da na sha kafin in sami wannan abu. In na yarda aka yi mini allura, ya zube, da hannuna na zubar da shi. In kuwa na ƙi, wani abu ya faru, ai kowa ya san daga Allah ne."

Maganar nan ta yarinya ta hana ni barci, domin na gane ba maganar asibiti kaɗai ba ce, tambaya ce da ta shafi kowane mai hankali. Shin wanda ya yi abu ya jawo ɓarna, da wanda ya ƙi yin abu ɓarna ta auku, alhakinsu ɗaya ne, ko kuwa na biyun ya kuɓuta? Wannan ita ce mas'alar da nake so mu duba tare da mai karatu.

TSORON BA NA BANZA BA NE

Kafin mu ce kome, wajibi ne mu yi wa tsoho da tsohuwa adalci. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Masu gudun magani a lokacin sabon ciki suna da hujja, kuma likitoci da kansu sun koyi wannan darasi da kuka. Cikin shekarun ƙarshe na 1950 aka fito da wani magani a Jamus mai suna talidomaid, ana ba mata masu laulayi don ya tsayar musu da amai ya sa su barci. Kafin a janye shi a 1961, an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe dabam-dabam da guntayen hannuwa da ƙafafu, waɗansu ba su ma rayu ba. Tun daga nan aka gane watanni ukun farko su ne lokacin da ake ƙera gaɓoɓin ɗa, abin da uwa ta sha yana iya isa gare shi.

Mu nan Arewa kuma muna da namu tabon. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan cikin wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka rasu, waɗansu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ko da yake kamfanin bai amsa laifi ba. Trovan magani ne na warkarwa, ba allurar rigakafi ba, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Saboda haka da aka yaɗa a 2003 cewa an sa abin hana haihuwa cikin ɗigon shan inna, zancen ya sami wurin zama. Kano ta tsayar da aikin har tsakiyar 2004. Cutar ta sami hanya, ta ƙetare iyakoki ta koma ƙasashen da dā suka rabu da ita, yara da yawa suka gurgunce.

A nan akwai darasi biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Na farko, an taɓa cin amanar jama'a, don haka mai tambaya bai yi laifi ba. Na biyu, tsoron da ya hana ɗigon nan bai tsirar da kowa ba, gurguntar da yara ya yi. Sai da sarakuna suka shiga aikin gadan-gadan daga 2009, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, Sarkin Kabin Argungu Sama'ila Muhammadu Mera kuma ya zo ya shugabanci kwamitinsu, sa'an nan al'amarin ya miƙe, har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Yaran da aka ɗiga wa maganin a waɗancan shekaru ga su nan sun girma, sun yi aure, suna ta haihuwa. Gani ya kori ji.

BARI MA YI NE

To, mu komo ga maganar ɗiyata. A ranta ta kasa hanya biyu: ta yi, wadda take ganin alhakinta na wuyanta, da ta bari, wadda take ganin babu hannunta a ciki. Haka zuciyar ɗan Adam take. Mun fi jin zafin ɓarnar da ta biyo bayan motsinmu bisa ga wadda ta biyo bayan zamanmu, har muka yi wa abin karin magana, muka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Karin maganar nan daidai ne a dandali, inda wanda ya ƙi tashi ba abin da zai same shi. Amma a ce kana cikin kwalekwale tsakiyar Kwara, ruwa ya soma shigowa ta tsaga. Ka ce ba za ka taɓa ƙwarya ka kwashe ba, don kada motsinka ya kifar da jirgi. In jirgin ya nutse, wa zai ce ba ka da hannu? Zaman da ka yi shi ne aikinka. Haka manomin da ya ga gara ta kama gindin rumbunsa ya kau da kai. Bai ci hatsin ba, amma ba zai ce wa iyalinsa shi ba ruwansa ba.

Bari yana zama kuɓuta ne kaɗai inda babu haɗarin da ke tafe. Inda akwai shi, kuma an sanar da kai, kuma kana da ikon tare shi, to bari ya zama zaɓi, yana da nasa nauyi kamar yadda yi yake da nasa. Mai sabon ciki ba tana tsaye ne tsakanin haɗari da aminci ba. Tana tsakanin haɗari biyu, aikin hankali kuwa shi ne a auna su a ga wanne ya fi girma, wanne ya fi kusa.

Saura batun ƙaddara, wanda shi ne gindin maganarta. Malamai suna ba da labarin Sayyidina Umar, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, ya kama hanyar Sham sai aka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke can. Ya yi shawara da sahabbai, ya yanke a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddarar Allah ya kora su, amma ba wanda zai yaba masa in ya zaɓi ƙeƙasasshen. Kowane Bafillacen Ka'oje ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Ashe ba daidai ba ne mutum ya jingina sakamakon yi ga kansa, ya jingina sakamakon bari ga Ubangiji. Duka biyun a hannun Allah suke, duka biyun kuma za a tambayi bawa niyyarsa da ƙoƙarinsa a cikinsu.

ALLURA BA ƊAYA BA CE

Wanda ya yarda sai an auna, to ya kamata ya san abin da zai ɗora bisa ma'auni. Kuskuren da ya fi yawa a cikinmu shi ne mu tara allurai duka mu yi musu hukunci ɗaya, ko mu karɓe su duka ko mu ƙi su duka. Alhali kuwa iri biyu ne. Akwai waɗanda babu ƙwayar cutar mai rai a cikinsu. Akwai kuma waɗanda ƙwayar tana da rai, an dai raunana ta ne don jiki ya koyi yaƙi da ita. Hukuncinsu ga mai ciki ya bambanta.

Allurar da aka ce za a yi wa ɗiyata ta iri na farko ce, watau ta sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanas, ana haɗa ta da ta mashaƙo. Dafin ƙwayar cutar ne aka kashe masa kaifi, ba ya iya haifar da ciwon. Ita kuwa ƙwayar tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana shiga jiki ta rauni. Raunin farko da kowane ɗan Adam ke samu kuwa shi ne cibiya. In aka yanke ta da tsohuwar reza ko ɓawon kara, ko aka shafa mata toka ko wani abin da ba shi da tsabta, ƙofa ta buɗe. Jariri yakan sha nono lafiya kwana biyu, sa'an nan tsakanin kwana 3 da 28 ya kasa kama mama, baki ya ƙulle, jiki ya sandare, ya riƙa zabura. Sau da yawa abin yakan zo daidai da mako guda, an riga an sayi rago, an raba goro, sai taron suna ya koma na ta'aziyya. Mu ce iska ce, ko mu kama wata tsohuwa da maita. Mafi yawan jariran da ya kama, inda babu babban asibiti kusa, ba su tashi.

Jariri ba shi da garkuwa tasa a ranar da ya faɗo, sai wadda uwa ta ba shi ta mabiyiya tun yana ciki. Wannan shi ne dalilin da ya sa uwa ake yi wa allurar. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a yi ta farko da wuri, ta biyu bayan mako huɗu ko fiye, kuma a tabbata an yi ta aƙalla mako biyu kafin haihuwa. Ta uku bayan wata shida, ta huɗu da ta biyar kuma shekara-shekara. Macen da ta cika biyar ta sami kariya duk tsawon shekarunta na haihuwa. Hukumar ta ƙiyasta cewa a 1988 jarirai wajen 787,000 ciwon nan ya kashe a duniya, a 2018 kuwa sun ragu zuwa wajen 25,000. Miliyoyin mata masu ciki aka yi wa allurar nan cikin waɗannan shekaru, ba a same ta da zubar da ciki ko nakasa ɗa ba. Abin da takan jawo shi ne tsamin dantse da ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Jefi-jefi ƙwarai akan sami wadda jikinta ya ƙi ta nan take, shi ya sa ake so a ɗan zauna a asibiti bayan an yi.

Abin da ya kamata ya taɓa zuciyar mutumin Bagudo shi ne wannan. A 2010 aka tabbatar wa Jamhuriyar Benin cewa ta kawar da tetanas na uwa da jariri, ma'ana a kowace gunduma tata bai kai jariri ɗaya cikin dubu da ke kamuwa ba. Nijeriya kuwa, har ƙarshen 2024, tana cikin ƙasashe goma da suka rage a duniya ba su cim ma wannan ba. Ƙasarmu da tasu ɗaya ce, shanunmu da nasu suna kiwo wuri guda, matansu ƙannen matanmu ne. Ba su fi mu asibitoci ba, ba su kuma daina haihuwa ba.

Cikin wannan iri na farko har da allurar korona, wadda ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021. Ita ma an ce tana hana haihuwa. Da aka bi dubban matan da aka yi wa ita, masu ciki da masu neman ciki, har da waɗanda ake haɗa musu ƙwan haihuwa a asibiti, ba a ga ta ƙara ɓari ko ta rage samun ciki ba. Abin da aka gani shi ne ciwon kansa ya fi yi wa mai ciki tsanani bisa ga wadda ba ta da shi.

Iri na biyu kuwa, a nan tsohuwa ta yi gaskiya. Allurar ƙyanda da ta ƙanwarta da ake kira rubela ba a yi wa mai ciki su. Rubela ciwo ne mai sauƙi ga babba, ɗan ƙurji da zazzaɓi, amma a 1941 wani likitan ido na Ostareliya, Norman Gregg, ya gano cewa in ta kama mace a farkon ciki akan haifi ɗan da yanar ido, daga baya aka ga har da kurumta da ciwon zuciya. Maganin abin shi ne a yi rigakafin tun ba a ɗauki ciki ba, a dakata wata guda. Don haka macen da ke zaryar asibiti neman haihuwa, kamar yadda ɗiyata ta yi, lokacin nan na jira shi ne lokacin da ya fi dacewa ta kai katinta a duba, a cike abin da ya rage. A watan Oktoba na 2025 Nijeriya ta soma yi wa yara 'yan wata 9 zuwa shekara 14 wannan allura, domin 'yan matan yau su shiga ɗakin miji da garkuwarsu.

Allurar shawara ita ce ta fi wuyar hukunci, ita ce kuma ta fi shafar mutanen iyaka, domin dokar lafiya ta tsakanin ƙasashe ta ba hukuma ikon tambayar matafiyi katin nan mai ruwan ɗorawa. Tun 1937 Max Theiler ya haɗa ta, daga ƙwayar da aka ɗebo a 1927 cikin jinin wani mutumin ƙasar Gana mai suna Asibi. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rai. Da yake mai rai ce, ƙa'ida ita ce a jinkirta wa mai ciki, likita ya rubuta mata takardar uzuri in tafiya ta kama. Amma in annoba ta shigo gari hukuncin yakan juya, domin shawara ba ta da maganin warkarwa, wajen rabin waɗanda ta yi wa tsanani sukan rasu, sauron da ke kawo ta kuma da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai bai isa ba. Ba labarin nesa ba ne: ta sake ɓullowa a Jihar Kwara a 2017, aka tabbatar da ita har a Kebbi, aka yi gangamin rigakafi a jihar nan a 2018. Sanin da ake da shi a kan wannan kuwa har da gudummawar ƙasarmu. A annobar 1986 an yi wa waɗansu mata masu ciki allurar, Dakta Abdussalami Nasidi da abokan aikinsa suka bi 101 daga cikinsu da 'ya'yansu har shekara huɗu, ba su ga illa ga yaran ba. Saboda haka wadda aka yi wa a rashin sani kada ta firgita, balle ta yi tunanin taɓa cikin.

Ka ga ke nan allura guda, mace guda, amma amsar ta danganta ga abin da ke yawo a gari. Wanda ya sayi katin jabu don ya wuce shingen iyaka kuwa, ma'aikaci ya ruɗa, sauro bai iya karatu ba.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Akwai wani tarko da ya rage, shi ne ya fi kama masu hankali. Uwar mijin ɗiyata ta ce ta san wata a ƙetare da aka yi wa allura ran Talata, ta yi ɓari ran Jumma'a. Ban ƙaryata ta ba. Amma likitoci sun ƙididdige cewa cikin kowane ciki ɗari da aka san da shi, wajen 15 sukan zube da kansu, galibi cikin watanni ukun farko, kuma wajen rabinsu saboda tun ran da aka ɗaura halittar ba ta ɗauru daidai ba. A ce ga mata ɗari masu sabon ciki, ba a yi wa ko ɗaya allura ba: wajen goma sha biyar za su yi ɓari. A ce kuma an yi musu duka: wajen goma sha biyar ɗin ne dai, sai dai yanzu kowace tana da abin da za ta nuna da yatsa. Zakara yakan yi cara gari ya waye, amma ba carar ce ta kawo alfijir ba. Hanyar gane gaskiya ɗaya ce, a gwama taron waɗanda aka yi wa da taron waɗanda ba a yi wa ba, a ga ko lissafin ya bambanta. An yi haka, bai bambanta ba. Bari ba ya hana ɓari.

Labarin wadda ta yi ɓari bayan allura yakan ƙetare kogi kafin azahar. Jaririn da bai sandare ba saboda an yi wa uwarsa allura kuwa ba shi da labari, an dai yi suna an watse. Alherin rigakafi ba ya ganuwa, domin abin da ya hana aukuwa ba ya barin sawu. Shi ya sa ma'aunin zuciya kullum yake rinjaya wajen tsoro, sai an sa hankali an daidaita shi.

NAUYIN WA NE?

Da na ƙara tunani sai na gane abin da yarinyar nan ke tsoro bai tsaya ga rasa ciki ba. Tana tsoron bakin mutane. Ta san in ta ƙi allura jariri ya mutu, za a zo a ce mata sai haƙuri. In ta karɓa ciki ya zube, za a ce ta jawo. Mu ne muka shirya mata ma'aunin a karkace, sa'an nan muka ce ta auna. Muddin ana yi wa mai bari ta'aziyya ana yi wa mai yi gori, mata za su ci gaba da zaɓen abin da zai tsirar da mutuncinsu, ko da ba shi ne zai tsirar da 'ya'yansu ba.

Saboda haka nauyin ba nata ba ne ita kaɗai. Miji yana da rabonsa: ya raka ta, ya ji bayani da kunnensa, ya faɗa gaban mahaifiyarsa cewa shawarar tasu ce su biyu, duk abin da ya biyo baya a wuyansa ne shi ma. Tsofaffi suna da nasu: kunyar da ke sa a ɓoye ciki har sai ya fito abin yabo ce a tsakar gida, amma ba a yi wa ungozoma ita, domin wadda ba ta san da ciki ba ba za ta san allurar da za ta jinkirta ba. Ma'aikacin lafiya kuma nasa ya fi na kowa nauyi. Ya faɗi sunan allurar, da amfaninta, da abin da takan jawo, ya tambayi mace ko tana da ciki kafin ya tsira mata, kada ya yi mata tsawa don ta yi tambaya. Jikinta ne, yardarta ake nema, ba a ƙwace ta. Amanar da aka ɓata a 1996 ba za ta komo da tilas ba, sai da gaskiya da ladabi, yau da gobe.

Washegari na kira mijinta, na zaunar da su, na faɗa musu abin da na faɗa wa mai karatu. Na ce mata, "Ɗiyata, ban iya yi miki alkawarin cikin nan zai tsaya ba, likita ma bai iya ba. Abin da na sani shi ne allurar nan ba ta cikin abin da ke zubar da shi, ciwon da take tarewa kuwa yana nan cikin ƙasar da kike takawa." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "To Kawu, in ya zube fa?" Kafin in buɗe baki mijin ya ce, "In ya zube, ni na kai ki. Inna ma ni zan gaya mata haka."

Ran kasuwa suka tafi tare. Ungozoma ta duba katinta, ta yi mata ta farko, ta sa musu ranar ta biyu, ta ce batun ta shawara a bari sai ta sauka, tun da babu annoba a gari. Yanzu da nake wannan rubutu cikin yana wata bakwai. Ban san abin da Allah ya rubuta ba, kuma ko mene ne ya zo ba zai mai da shawararsu kuskure ba, domin ana auna shawara ne da abin da mutum ya sani ran da ya yanke ta. Sun tambaya, sun auna, sun ɗauki nauyin tare, saura kuma na Mai Sama ne. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za ta haifa, ya ba masu nema su ma. Amin.